Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirye-shiryen nishaɗi a gidajen rediyon Hausa, kan Mdou Moctar da wani situdiyo a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai masu makirfo, na Najeriya da na Nijar, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da masu sauraronku. Ni mai sauraronku ne tun rediyo na cin batir huɗu, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami ƙaramin abu ne, amma ya kwana biyu yana cizona.

Wani dare ina kishingiɗe a ƙofar gida, rediyo a kan tabarma, sai ɗaya daga cikinku ya zo ƙarshen shirinsa ya ce yana da labari mai ban mamaki. Ba zan faɗi tasha ba, ba zan faɗi suna ba, don ba shi kaɗai ke da wannan hali ba. Wai akwai wani Buzu mai kaɗa jita da Turawa suka tsinto a cikin sahara, yanzu har Amurka ake kai shi yana wasa. Ya karanta sunan yana tuntuɓe, abokin aikinsa ya ce to Allah ya sa dai ya tafi da butar shayinsa, suka ƙyalƙyale da dariya, aka sa talla. Duka labarin bai cika minti ɗaya ba. Dariyar ba ta dame ni sosai ba, mun saba. Kalmar "tsinto" ce ta tsaya mini a maƙogwaro, domin na san ba tsintuwa ba ne, kuma na san inda muryar nan ta fara shiga inji. A Sakkwato ne.

Sunan mutumin na yanka Mahamadou Souleymane, wato Mahamadu Sulaimanu in da bakinmu za a faɗa, duniya kuma ta san shi da Mdou Moctar. Kafin wani Bature ya ji muryarsa, ni na sha sayar da ita. A shekarun 2009 zuwa 2012 ina da rumfa kusa da tashar mota a Birnin Ƙonni, ina cajin salula ina tura waƙoƙi. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Tebur ɗaya ne, da tsohuwar kwamfuta mai mutuwa in rana ta take, da ɗan janareta, da wani allon katako da na kafe wa ramukan caji sun fi talatin, kowace waya da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta. Mutum zai zare memori daga salularsa da farce ya miƙo maka, kai kuma ka hura ƙura ka cusa. Dala ashirin, a zuba maka har ka ce ya isa. Direbobi, 'yan kamasho, 'yan mata masu tallan gyaɗa, da 'yan ci-rani masu saukowa daga arewa, su ne kasuwata. A cikin kwamfutar na rarraba kayan gida-gida: wa'azi daban, Indiya daban, nanaye daban, gargajiya daban. Akwai kuma wani gida da na rubuta wa "Buzaye", nan nake jibge duk abin da na ji jita a ciki ban gane harshen ba.

Daga cikin tarkacen nan akwai wasu waƙoƙi da suka fita daban. In ka ji farkonsu sai ka rantse waƙar fim ɗin Hausa ce za ta shigo: ga gangar inji tana tafiya tif-tif, ga murya an bi ta da abin nan da 'yan situdiyo ke kira ototun, mai sa ta karkarwa kamar ana kaɗa zare. Amma sai jita ta shigo a hankali, harshen kuma Tamashek, na Abzinawa. Mutane ba su san sunan mai waƙar ba, ni ma haka. Sai dai a ce mini, "Sa mini ta Buzun nan mai muryar 'yan fim." Na tura ta sau nawa, Allah kaɗai ya ƙidaya. Sai bayan shekaru na gane cewa waƙoƙin kundinsa na farko ne, mai suna Anar, wanda ya naɗa a Sakkwato a 2008.

To ga abin da ya kamata ku riƙa faɗa kafin ku kai ga Amurka.

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a ƙasar Azawak ta jihar Tawa, yankin Cintabaradan da Abalak. Duk ɗan Nijar da ya kai shekaruna ya san me waɗannan shekaru ke nufi. Lokacin farin 1984 ne, yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mu manoma mun sha wuya, amma makiyayan Azawak dukiyarsu ce ta faɗi a gabansu, raƙumi da saniya da akuya, ba abin da za su iya. Mazaje suka watse, wasu Aljeriya, wasu Libiya, wasu Kano da Legas suna gadi. Yana ɗan yaro kuma, a watan Mayun 1990, aka kai hari kan jami'an tsaro a Cintabaradan, sojoji suka mayar da martani a kan fararen hula, jini ya zuba, daga nan tawaye ya kankama. Sai ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu, ranar da har yau ake hutu saboda ita a Nijar. Cikin wannan hayaƙi ya buɗe ido. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa kuma a Arlit ya yi shi, garin yuraniyam, kuma zan dawo kan Arlit.

Kiɗan jita na Abzinawa ba daga gidan rawa ya fito ba. Daga wurin waɗancan samari marasa aiki ya fito, waɗanda fari da talauci suka kora ƙetare, da ake kira ishumar, kalmar da aka lanƙwaso daga ta Faransanci mai nufin wanda ba shi da aikin yi. Su kuma suna kiran kiɗan asuf, wato kewa, irin wadda ke kama mutum da dare a ƙasar da ba tasa ba. A Mali akwai Tinariwen, a Nijar kuma babban su shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda a lokacin tawaye a ɓoye ake sauraron kaset ɗinsa. Allah ya yi masa rasuwa a 2020, kuma ban ji ɗayanku ya ba shi ko minti biyar ba. Shi yaron nan ya gani yana kaɗa jita, daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Sai dai gidansu gida ne mai riƙo da addini, ba su ga abin da zai kai ɗansu ga kiɗa ba. Wannan ba sai an yi wa Bahaushe tafsiri ba. Mu ma a wurinmu makaɗi maroƙi ne, ana son waƙarsa ba a son ya nemi 'yar gida. Su ma Abzinawa suna da nasu tsarin, molo na wasu gidaje ne, gogensu mai tsirkiya ɗaya kuwa, imzad, mata ke goga shi. Jita baƙuwa ce, kuma ta zo da warin tawaye da yawon dare. Ba mai saya masa, ba ma kuɗin sayen. Sai ya ƙera tasa.

Nan nake so ku tsaya, ku bar gaggawa, domin duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye zai ga abin da idonsa. Katako ya samu ya sassaƙe. Tsirkiya kuma ya je ga wayar birkin keke. Wanda ya taɓa warware wayar birki ya san ba waya ɗaya ba ce, siraran ƙarafa ne aka murɗe su wuri guda kamar igiya, sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana zarewa, suna sukar ka a yatsa. Sauran abin ɗaure tsirkiyar, abin da za a riƙa murɗawa har sauti ya daidaita. Nan ya ɗauko ɗan mabuɗin nan na gwangwanin kifi, wanda ake naɗe murfin da shi. Mu ma mun yi irin wannan, mun huda gwangwanin madara mun soka kara mun ce gurmi ne, bayan kwana uku muka jefar muka koma langa. Shi bai jefar ba. Kuma bahago ne. Ba malami, ba littafi, hannun ma ba irin na sauran masu kaɗawa ba, don haka ko ya kalli wani sai ya juya abin a kansa kafin ya gwada. In kun ji yadda yatsunsa ke gudu a yau kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, ku tuna a kan wayar birki suka yi kanta.

Bari in ɗan ratse kan kalmar Buzu, tunda ni ma na rubuta ta a kwamfutata. Da yawa daga cikinsu ba sa son ta, domin a asali wani rukuni ne na al'ummarsu take nufi, na ƙasa-ƙasa, mu muka yi mata kuɗin goro. Muna da kalmar Abzinawa, daga Abzin, su kuma suna kiran kansu da sunan harshensu, Kel Tamashek. Abin da ya fi kalmar ciwo shi ne hoton da ke biye da ita a shirye-shiryenku da wasannin barkwanci: mai gadi, da rawani, da gawayin shayi, da Hausa a karkace. Alhali mutanen nan ba baƙinmu ba ne. A birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da suke taƙama da shi ranar salla, a Kura ake rina shi a buge shi. Ayarinsu ne ya yi ɗaruruwan shekaru yana kawo mana gishirin Bilma yana komawa da hatsi da tufafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. A kasuwar Agadas yau da Hausa ake ciniki. Wanda kuka haɗa wannan duka da shi ya wuce a ambace shi da butar shayi kawai.

Da Mdou ya tasa ya tafi Libiya ci-rani, kamar dubban sa'o'insa. Ya dawo, yana kaɗawa a gidajen biki. Sannan Sakkwato.

Wanda bai san hanyar ba zai yi mamakin me ya kai ɗan Nijar naɗar waƙa a Najeriya. Wanda ya san ta ba zai yi ba. Daga Tawa ka gangaro Ƙonni, ka tsallaka Illela, abin da ya rage maka zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, alhali daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura 400. Sakkwato nan ce asibitinmu in ciwo ya yi tsanani, nan ce kasuwarmu ta kayan gyara, nan ce kuma situdiyonmu. A 2008 kuwa kowane lungu na biranen Arewa akwai ɗan ɗaki da aka manne wa katifa a bango, da fiyano ɗaya da kwamfuta ɗaya, da yaro mai kunne wanda ya koyi aikin a tsaye a bayan wani. Wannan salon da ake yi wa dariya, ana ce masa nanaye, ana cewa ba kiɗa ba ne inji ne, shi aka ɗora wa jitar Abzin da harshen Tamashek, aka sami abin da ba a saba ji ba. Kundin bai shiga kanti ba a lokacin, ba kamfani, ba talla, ba rediyo. Daga salula zuwa salula ya riƙa tafiya ta Bluetooth da memori, a cikin motocin haya da rumfuna irin tawa, har ya ƙetare iyaka ya shiga Mali.

Jaridun ƙasashen waje in sun zo wannan gaɓa sai su ce wani situdiyo a Sakkwato, su wuce. Ba laifinsu ba ne, ba garinsu ba ne. Amma ku fa? A cikinku akwai waɗanda ke zaune a Sakkwato, masu hawa babur su wuce ta gaban irin waɗannan ɗakuna kullum. Wani ne ya zauna gaban kwamfuta a ranar. Wani ne ya zaɓi bugun gangar, ya ce a ƙara wa muryar karkarwa ko a rage. Da ya ji baƙo ya shigo da jita yana waƙa da harshen da ba na fim ba, me ya ce a ransa? Nawa aka yi ciniki? Kwana nawa aka yi? A ina baƙon ya kwana? Wannan mutum yana da hannu a aikin da aka sake bugawa a faifai a Amurka a 2014, wanda masu tara faifai ke nema, kuma mai yiwuwa yana nan yana naɗar tallan maganin gargajiya bai san an yi ba. 'Yan situdiyo sun san junansu. In mutum ɗaya a cikinku ya ba da sati guda yana tambaya, zai kai ga ƙofar.

Yanzu ga Baturen, don kada a ce na ci haƙƙinsa. Sunansa Christopher Kirkley, mutumin Portland ne a Amurka. Ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana musayar waƙoƙi da samari daga wayoyinsu, wato dai sana'ata ya yi, sai dai shi ba ya karɓar dala ashirin. Ya tattara waɗanda suka fi kama shi ya fitar a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, a ciki har da waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Abin da ya bambanta shi da ni shi ne, bai tsaya a "Buzun nan" ba. Ya bi sawu, ya yi ta tambaya, har ya sami lambar mai waƙar. Labarin da su biyun suka sha bayarwa shi ne, da ya kira, Mdou ya zaci wani ɗan uwansa ne ke masa tsiya da muryar Bature, ya kashe wayar. Daga baya mutumin ya zo har Nijar, ya kuma kawo masa jita ta bahagwai. Wannan ƙoƙari ne, a yaba masa. Amma a lura da yadda abin ya jeru. Ba shi ya ce waƙar tana da daɗi sannan muka ji ba. Direbobi da 'yan mata da makiyaya ne suka riga suka yanke hukunci da kunnensu, suka yi ta turawa har ta cika wayoyin Kidal, shi kuma ya tarar da ita a can.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, don haka bari in taka nawa a gabanku. Na ci kuɗi da muryar bawan Allah nan shekara da shekaru, ko dala ɗaya ba ta koma gare shi ba. Ban ma taɓa tambayar wani Ba'abzine cikin masu zuwa caji ko ya san mai waƙar ba, ga su kullum a bencina. A lokacin ba mu ɗauke shi sata ba, haka kasuwar take, kuma gaskiya ne turawar tamu ce ta yi masa suna. Duk da haka, wanda ya zo daga bayan teku ya nemi sunan, ni da ke jiha ɗaya da shi ban nema ba. Inuwar giginya ke nan.

Abin da ya biyo baya kuna iya samunsa a intanet, ba sai na ja ba. A 2015 ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina kan tsohon fim ɗin mawaƙin Amurka Prince, labarin saurayi mai jita da uban da ba ya son jita. Sunan fim ɗin asali yana da wani launi da Tamashek ba ta da kalma ɗaya tak a kansa, sai suka kira nasu ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Turawa sun yi ta mamakin wannan, ni kuwa ban ga abin mamaki ba, mu da muke cewa ruwan goro da ruwan ƙwai da ruwan toka. A 2019 ya fitar da kundin da ya naɗa da cikakkiyar ƙungiya a Detroit ta Amurka. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, wanda ya kai shi inda yake yanzu, kuma, abin da ya ba ni dariya ni kaɗai, sun sayar da wasu kwafi a cikin tsohuwar salula ƙirar Nokia, don tuna yadda waƙarsa ta fara yawo. A 2024 ya hau dandalin babban bikin kiɗa na Coachella a Kalifoniya. Abokan tafiyarsa tun daga kundin Afrique Victime su ne Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jitar bas, wanda kan taso daga Niyok ya sauka Yamai ya shiga motar safa ya yi fiye da kwana guda a hanya kafin ya isa Agadas. Wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san wannan ba ƙaramar soyayya ba ce.

Turawa suna kiran abin da yake yi kiɗan rok, suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren mai jitar Amurka, wani ɓangare don shi ma bahago ne. Shi kuwa ya sha faɗa cewa bai tashi da sanin rok ba, sai daga baya ya ga bidiyon irin su Eddie Van Halen ya ɗauki abin da ya ɗauka. Makarantarsa ta gaskiya ita ce bikin aure: fili, tabarmi, janareta, lasifikar da ta gaji, ƙura na tashi, samari sun yi da'ira, kai kuma dole ka riƙe su har dare ya raba, in ba haka ba gobe wani za a kira. Saurin nan da ƙarar nan daga can suke. Ko a manyan dandalin Turai da rawaninsa da doguwar rigarsa yake hawa. Mutum ne mai kiyaye sallarsa a kan hanya, kuma daga abin da yake samu yana haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da mata ke yin nisa neman ruwa. Na san a cikin masu sauraronku akwai waɗanda ke ganin kiɗa bai halatta ba, kuma ba zan yi musu da malamai a wasiƙa ba, ba fagena ba ne. Amma ku dai kun riga kun buɗe shirin nishaɗi, kuna sa kiɗa safe da yamma. Wanda ya yarda ya sa waƙar soyayya sau goma a rana ba zai fake da wannan hujja ba in aka zo kan ɗan Azawak.

Na ce zan dawo kan Arlit. Garin an kafa shi ne saboda ma'adini, kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, na Cominak a Akokan ya bi baya, aka rufe shi a 2021 aka bar tulin shara mai guba ta miliyoyin tan a bayan gari. Yuraniyam ɗin ya yi shekaru yana tafiya Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga makamashin nukiliya yake. A Nijar kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. Yaron da ya ga manyan motoci na fita da arzikin garinsu, shi kuma yana karatu da fitilar ƙwai, ba ya bukatar wani ya koya masa siyasa. Shi ya sa waƙoƙinsa na baya-bayan nan suke da zafi a kan Faransa, da kan shugabannin Afirka, da kan yadda matasan Abzinawa ke sakin harshensu. Kuma ya fara faɗar haka tun kafin ya zama abin da kowa ke faɗa a dandalin Yamai. Kundinsa na 2024, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, an gama naɗarsa tun kafin juyin mulki.

Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, shi da abokansa suna Amurka suna zagayen wasa. Aka rufe iyakoki da sararin sama, suka maƙale a can, iyalansu na gida, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo na masauki da abinci. Mu a Ƙonni mun ga namu rabon. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ƙofar Illela ta rufe har zuwa Maris na 2024, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa. Hanyar nan da ya bi ya je ya naɗi waƙarsa ta farko, a watannin nan sai ta ɓarauniyar hanya. A can inda ya maƙale ya zauna da abokansa suka sake naɗar waƙoƙin kundin da jita marar lantarki, a hankali, aka fitar a 2025. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya nuna ba ya goyon bayan juyin mulki, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Magana ce da ba za ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba, kuma irin mutumin da ya kamata a zaunar a yi masa tambayoyi ke nan, ba a karanta sunansa ana tuntuɓe ba.

Ba ina cewa ku so kiɗansa ba. Ni kaina, in gaskiya za a bi, wasu waƙoƙinsa na yanzu sun fi ƙarfin kunnena. In jitar ta fara kururuwa minti bakwai ba tsayawa sai in rage murya, 'ya'yana su yi mini dariya. Na fi son na Sakkwaton, masu sanyi, da waɗanda ya yi da jita zalla. Wannan ra'ayin tsoho ne, ba hukunci ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku neme shi ku yi hira da shi, doguwa, ba ta minti uku ba. Ku yi masa tambaya da Hausa, harshen kasuwar garuruwan da ya zauna, in kuma zance ya kai inda sai da Tamashek, ku ajiye tafinta a gefe, ba su da wuyar samu daga Tawa har Sabon Garin Kano. Kada ku fara da Amurka. Ku tambaye shi ina ya ɓoye jitar katakon, wa ya fara kama shi da ita, me ya ci a Libiya, wace mota ya shiga zuwa Sakkwato. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ya zuwa yanzu yawancin abin da aka rubuta kan rayuwarsa da Turanci da Faransanci yake, an tace shi ta kunnen waɗanda ba su taɓa warware wayar birki ba. In kun sa waƙarsa, ku samo wanda zai faɗa wa mutane abin da take cewa. In kun gama da shi kuma ga Bombino na Agadas, wanda aka sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Grammy ta 2019, shi ma da nasa labarin na gudun hijira.

Ku kuma na Sakkwato, aikin situdiyon nan naku ne, kuma ku hanzarta, don irin waɗannan ɗakuna ba sa daɗewa. Yau situdiyo ne, gobe shagon sayar da katin waya, kwamfutar ta mutu an sayar wa 'yan gwangwan.

Tawa kwamfutar ta daɗe da mutuwa, amma kafin nan wani yaro ya kwashe mini kayan cikinta ya zuba a wani ɗan akwati. Yana nan a ƙasan adakata naɗe cikin leda. Kwanan baya na sa ɗana ya haɗa shi da tasa, muka buɗe, ga gidan nan yadda na bar shi, waƙoƙi sun fi ɗari biyu, yawancinsu ba suna sai lambobi. Mun ware na Mdou mun rubuta musu sunansa. Sauran suna jiran wanda ya san muryoyin. Duk wanda zai yi shirin a cikinku, in ya biyo ta Ƙonni, ya tambayi tsohon mai cajin salula na bakin tasha, zan ba shi ya kwafa, kuma wannan karon ba dala ashirin.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
tsohon mai tura waƙa, Birnin Ƙonni, jihar Tawa.